Yadda Na Koyi Gyaran Gashi, Tsakanin Shagon Uwar Ɗaki da Ajin Makaranta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ni mai gyaran gashi ce a garin Kaduna, kuma da wannan sana'a nake ci, nake sutura, nake kuma taimaka wa iyayena da ƙannena gwargwadon abin da Allah Ya hore. Abin da ya sa na zauna na rubuta labarina shi ne yadda iyaye da 'yan mata suke yawan zuwa shagona da tambaya iri ɗaya, wato ko yarinya ta shiga makarantar koyon sana'a ta fito da takardar shaida, ko kuwa a damƙa ta ga wata uwar ɗaki ta koya a shago. Ni ma na taɓa tsayawa a wannan mararraba, kuma ba a kwana ɗaya na fita daga cikinta ba.

A Tudun Wada aka haife ni. Mahaifina ya yi shekaru yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, har zuwa lokacin da masaƙun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, sai ya koma riƙe ɗan kanti a ƙofar gida. Kakata ta wajen uwa makitsiya ce ta gida, irin wadda mata suke zuwa wurinta da hantsi su shimfiɗa tabarma su ɗora kai a cinyarta, a yi kitso ana hira har azahar. A wurinta na fara koyon tsifa da tsaga, daga nan na iya kalaba da shuku, kuma tun ina firamare nake yi wa ƙannena da 'ya'yan maƙwabta kitson zuwa makaranta. Da na gama sakandare a 2015, kowa a gidanmu ya san cewa kuɗin jami'a ba zai ishe mu duka ba, domin yayana yana tsakiyar karatunsa, ni kuma zuciyata ta riga ta karkata ga gyaran gashi.

Hanyoyi biyu ne suka bayyana a gabana. Akwai wata makarantar koyon sana'a mai zaman kanta da take bayar da horon shekara ɗaya a gyaran gashi da kwalliya, inda za a biya kuɗi kowane zango, a sayi kayan aiki da rigar makaranta da kan roba na gwaji, sannan ga kuɗin Keke Napep kullum zuwa da dawowa. Akwai kuma shagon wata mata a unguwarmu, wadda kowa yake kira Anti, wadda ta daɗe a sana'ar har amare daga wasu unguwanni suna zuwa wurinta. Ita kuɗin shiga kawai take karɓa sau ɗaya, ba ta biyan 'yan koyo albashi, kuma ba ta faɗin ranar da za ta yaye mutum.

Baba ya tsaya kai da fata a kan makaranta, kuma dalilinsa ba na wasa ba ne. Ya ce mini, "Ke yarinya, na ga abin da ba ki gani ba. A masaƙa akwai mutanen da suka fi kowa sanin inji, idan ya tsaya su ake kira, amma da lokacin ƙarin girma ya zo sai a ɗauko wanda yake da takarda a ɗora a kansu. Ba na so 'yata ta iya aiki amma ta rasa abin nunawa." Umma kuwa lissafin gida take dubawa, tana cewa idan aka biya zangon farko aka kasa biyan na biyu, an yi asarar kuɗi da lokaci gaba ɗaya, alhali shagon Anti da ƙafa zan riƙa zuwa, kuma idon ita Umma yana kaina. Gwaggona ta shigo da tata maganar, cewa aikin salun bai dace da 'yar mutunci ba saboda ƙarin gashi da ake yi. Wannan magana ta dami Baba har ya je ya tambayi malaminsa, wanda ya bayyana masa cewa hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim a kan hanin ƙara gashi, ga mai yi da wadda ake yi wa, amma wanke kai da kitso da lalle da gyara mace domin mijinta halal ne, muddin wurin na mata ne zalla. Tun daga ranar na ƙudurta cewa duk inda na koya, ba zan yi ƙarin gashi a shagona ba, kuma har yau a kan haka nake, duk da cewa na san kuɗin da nake bari yana wucewa.

Umma ce ta ba da shawarar in je in ga wuraren biyu da idona, ta ce gani ya kori ji. A makarantar na tarar da ɗalibai masu yawa a aji ɗaya, na'urorin busar da gashi kaɗan ne, kuma ranar babu wuta, ba a kuma tayar da janareta ba, saboda haka ɗalibai suna zaune suna kwafar rubutu. Sai dai abin da malamar take zanawa a allo ya kama hankalina ƙwarai, domin ta zana silin gashi ɗaya tun daga saiwarsa a cikin fata har zuwa bakinsa, tana bayanin yadda yake tsirowa da abin da yake karya shi. Ban taɓa jin wani ya yi magana a kan gashi haka ba, kuma na fito ina jin kwaɗayin wannan ilimi.

A shagon Anti na wuni a gefe ina kallo. Da la'asar wata mata ta shigo da kwalin rilaksa, wato man miƙar da gashi, a leda, tana sauri domin washegari za ta je biki. Anti ta zaunar da ita, ta sa wutsiyar mataji ta buɗe gashin sashe sashe tana duba fatar kan a gaban taga, sannan ta tambaye ta yaushe ta tsefe kitso. Matar ta ce da safe, ta kuma yarda cewa ta sosa kan sosai saboda ƙaiƙayi. Anti ta mayar da kwalin cikin ledar ta miƙa mata, ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba zan sa miki wannan yau ba. Kanki duk sosa ne, idan man nan ya taɓa wurin zai ci fatar, gobe ki je biki da ƙuna. Ki bari in wanke miki a hankali in yi miki kitso mai kyau, bayan sati ki dawo." Matar ta yi fushi ta ɗauki ledarta ta fita, ta ce akwai wani shagon. Anti ba ta bi ta da magana ba, ta juyo ta ci gaba da aikin da take yi. Na lura cewa ranar ba a yi ciniki sosai ba, kuma kuɗin sa rilaksa ya fi na kitso, amma ta bar shi ya tafi. A hanyar komawa gida na yanke shawara cewa a hannun wannan mata nake so in koya, domin na ga tana tsoron Allah a kan fatar kan mutane. Da na faɗa wa Baba, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya amince da sharaɗi ɗaya, cewa in yi masa alkawarin neman takardar shaida bayan an yaye ni.

Watannin farko sun yi mini nauyi, kuma ba zan ɓoye wannan ga duk mai niyyar shiga ba. Aikina shi ne shara da goge madubi da wanke tawul da kiran mai garuwa da zuwa sayo abinci, sai tsifa idan aka ga dama aka ba ni. Waɗanda suka riga ni shiga su ma suna aike na, kuma akwai ranakun da nake dawowa gida ƙafafuna a kumbure ba tare da na taɓa kan kowa ba. Na sha tunanin ƙawata da ta shiga waccan makarantar, wadda take nuna mini littafinta cike da zane da rubutu, ni kuwa ba ni da abin nunawa sai hannuwa da sabulu ya cinye.

Koyon gaske ya fara ne daga wanke kai. Anti ta tsaya a kaina tana nuna mini cewa da tsokar yatsu ake cuɗa fatar kai, ban da farce, kuma a gwada zafin ruwa a bayan hannu kafin a zuba wa mutum. Daga nan ta fara ba ni kitson yara, kuma a nan ta gyara mini abin da na taso da shi daga gida, wato jan gashi da ƙarfi domin kitso ya daɗe. Takan kama hannuna ta sassauta yatsuna a daidai gaban goshi, ta ce in dubi fatar, idan ta taso ta yi fari ko gefen idon yarinya ya ɗage, to na ja fiye da kima, kuma irin wannan ja ne yake cinye gashin goshin mata har ya daina fitowa. Ta koya mini tsaga madaidaiciya ba tare da na maimaita ba, da yadda ake raba kai gwargwadon yawan gashi da siffar fuska, ta yadda salon da ya yi wa wata kyau ba lallai ne ya karɓi wata ba. Saurin hannu kuwa a lokacin Sallah na same shi, sa'ad da shago yake cika tun bayan asuba, mata da yara suna jere a benci har waje, mu kuma muna aiki da hasken fitila mai caji har tsakar dare. Babu ajin da zai iya tara wa ɗaliba kawuna daban daban masu yawa haka, mai laushi da mai tauri, mai tsawo da wanda ya karye, kowanne da mai shi a zaune tana jira a gama mata da kyau.

Akwai kuma darasin mu'amala, wanda shi ne rabin sana'ar. Na ga yadda Anti take faɗin kuɗi kafin ta fara aiki domin kada a yi jayayya a ƙarshe, da yadda take rubuta bashi a littafi, da wadda take yi wa ragi a ɓoye saboda ta san halin gidanta. Ta hana mu ɗaukar maganar da muka ji a shago zuwa waje, domin mace idan ta saki kai a hannunki takan saki baki, kuma shagon da aka sani da yawo da zance ba ya daɗewa. Na koyi shirya amarya tun daga dilka da halawa har zuwa ƙunshi da kitso, da haƙuri da dangin amarya waɗanda kowace take da ra'ayinta.

Duk da haka, akwai abin da shago bai ba ni ba, kuma na fara jin rashinsa ne da masu zuwa suka fara tambayata dalili. Na san cewa ba a barin rilaksa ya daɗe a kai, amma ban san abin da yake cikinsa ba. Ƙawata ce ta bayyana mini cewa yawancinsa sinadarin soda ne mai ƙarfi wanda yake warware ginin silin gashi, shi ya sa ake shafa basilin a fatar kai da gefen kunne kafin a sa, ake sa safar hannu, ake shafa shi a sabon tsiro kawai ban da wurin da aka riga aka miƙar, sannan a wanke da shamfu na musamman da yake kashe ƙarfinsa. Ita ta fahimtar da ni cewa makero da muke gani a kan yara ƙwayar cuta ce mai yaɗuwa ta mataji da tawul, wadda shafa mai ba ya kashe ta sai an je asibiti an karɓi magani na sha, kuma ya bambanta da amosani. Ita ce kuma ta gaya mini cewa baƙin lalle da ake haɗawa da rinin gashi yana ɗauke da wani sinadari da yake kumbura fatar wasu mutane har ya bar tabo, saboda haka ya kamata a gwada ɗan kaɗan a fata a jira kwana biyu. Anti ta san yawancin waɗannan abubuwa ta hanyar daɗewa da gani, amma ba ta da bayanin da za ta miƙa mana, kuma 'yar koyon da ba ta ga irin matsalar da idonta ba sai ta fita ba ta san da ita ba. Wannan giɓi ne mai haɗari, domin da lafiyar mutane muke aiki.

Abin da ya fi ci mini rai a tsarin koyo a shago shi ne rashin wa'adi. Babu rubutacciyar yarjejeniya, babu jerin abin da za a koya, saboda haka yarinya tana iya yin shekaru tana aiki kyauta bayan ta iya komai, domin uwar ɗaki tana bukatar hannunta. Na san 'yan mata a wasu shaguna da suka gaji suka tafi ba tare da an yaye su ba, wasu kuma aure ya zo musu kafin a koya musu abin da suka shiga dominsa, wasu kuɗin bikin yaye da aka ɗora musu ne ya gagari iyayensu. Ni Allah Ya taimake ni da uba mai bibiya. Da ya ga na kai matsayin da ake bar mini shago, ya shirya ya je da kansa tare da Umma, suka gaishe da Anti cikin girmamawa, suka yi mata godiya, sannan ya roƙi a sa rana. Ta amsa da kyau, aka yaye ni a 2018 da walima ƙarama da addu'a, ta ba ni kyautar mataji da almakashi da tawul, ta kuma sa mini albarka a gaban jama'a.

Ban manta da alkawarin Baba ba. Na ci gaba da aiki a wurin Anti a kan kaso, ina tara kuɗi, na kuma shiga wani gajeren kwas na yamma a wata cibiyar koyar da mata sana'a, inda na sami darasin tsaftace kayan aiki da sanin cututtukan fatar kai da lissafin ciniki. Zaman ajin ya zo mini da sauƙi, domin duk abin da malama ta ambata akwai kan da na taɓa riƙewa da yake zuwa mini a rai, har takan sa ni in nuna wa sauran ɗalibai aikin hannu. A nan ne na san cewa wanda ya koyi sana'a a shago yana da ƙofofin samun shaida. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin jarrabawar gwajin sana'a mai matakai uku, ana farawa daga na uku a haura zuwa na ɗaya. Hukumar NABTEB tana shirya jarrabawar sana'o'i, har da ta gyaran gashi da kwalliya. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wato NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta tana nan Kaduna, ita take kula da tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa, wanda yake la'akari da abin da mutum ya riga ya koya a wajen makaranta. Hukumar samar da aikin yi ta NDE kuwa, wadda aka kafa a 1986, tana da shirin tura matasa wurin masu sana'a su koya. Na zauna jarrabawar gwajin sana'a na ci, kuma ranar da na kawo wa Baba takardar ya daɗe yana dubanta, sannan ya sa aka yi mata leda ya ajiye a akwatinsa tare da takardunsa na masaƙa.

Na buɗe shagona a 2019 da kujera biyu da madubi da na'urar busar da gashi ɗaya. Ban daɗe ba aka sa dokar kulle a Kaduna a ƙarshen watan Maris na 2020 saboda annobar korona, bukukuwa suka tsaya, kuɗin haya kuma bai tsaya ba. Abin da ya riƙe ni shi ne kitson maƙwabta a tsakar gidanmu, kamar yadda kakata take yi. Haka kuma da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, tayar da janareta domin busar da kai ɗaya ya zama asara, sai na ƙara ƙarfi a kan kitso da lalle da gyaran amare, waɗanda ba sa jiran wuta. Takardar ma ta yi ranarta, domin da wata ƙungiya ta zo neman wadda za ta horar da mata zawarawa da marayu a unguwarmu, abin da suka fara tambaya shi ne shaida, kuma akwai waɗanda suka fi ni daɗewa a sana'ar da aka tsallake saboda ba su da ita. Na tuna maganar Baba a ranar, na kuma ji zafin abin a madadin matan da aka tsallake, domin na san hannunsu.

Yanzu da nake karɓar 'yan koyo, ina ƙoƙarin haɗa musu abin da na sha wahalar nema a wurare biyu. Ba na karɓar yarinya sai da waliyyinta, kuma muna rubuta yarjejeniya da ta ƙunshi ranar shiga da ranar yaye da jerin abin da za a koya, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. Shara da wanki na kowa ne, har da ni, kuma sabuwar shiga tana fara taɓa kai tun a makonninta na farko. Duk ranar Litinin da safe, lokacin da ciniki ba ya da yawa, mukan zauna da littafi in yi musu bayanin gashi da fata da sinadarai, in nuna musu yadda ake duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali. Wadda ta fara yin aikin da ake biya, ina ba ta wani abu daga ciki, domin guminta ne.

Ga iyayen da suke da halin biyan makaranta, ba na hana su, sai dai ina roƙonsu su je su ƙirga na'urori da ɗalibai, su tambaya ko ana aiki a kan mutane na gaske ko a kan roba kawai, su kuma bincika wace hukuma ce ta amince da takardar da ake bayarwa, sannan yarinya ta nemi shagon da za ta riƙa zuwa a ranakun hutu. Waɗanda kuma suka zaɓi shago, ina gaya musu su aika yarinyar ta wuni tana kallon uwar ɗakin kafin a biya ko sisi, su nemi a sa wa'adi a rubuce, kuma uba ko wa ya riƙa leƙawa yana gaisuwa. Biyu daga cikin 'yan koyona za a yaye su bayan Babbar Sallah in Allah Ya kai mu, kuma na riga na fara tara musu kuɗin rajistar jarrabawar gwajin sana'a daga kasonsu, da yardar iyayensu. Allah Ya saka wa Anti da alheri, Ya jiƙan kakata, Ya ƙara wa Baba da Umma lafiya.